Kwamfutar Da Ta Dawo Gida

"Sharar gidanmu! Wallahi sharar gidanmu yaron nan ya kwaso ya naɗe a leda ya dawo mana da ita!"

Umma ce ke wannan faɗa, tana zagaye teburin falo, hannu ɗaya a ƙugu. Abin da ke kan teburin kuwa wata 'yar laftof ce mai ruwan toka, an kifa ta, ga koriyar sitika manne a bayanta.

Auta na tsaye a jikin ƙofa, ta kasa shiga ta kasa fita. Hawaye ya riga ya wanke kwalliyar da ta ɓata rabin safiya tana yi.

"Umma, don Allah ki tsaya ki ji..."

"In ji me? Me ya rage ban ji ba? Da kunnena na ji, a gaban baƙo! Ke kika hana ni sakat, 'Umma ki bari ya zo, Umma mutumin kirki ne, Umma yana da kamfani.' Ashe kamfanin tsince-tsince ne."

Wanda ake maganar tasa bai daɗe da barin gidan ba. Likita ake ce masa, ko da yake bai taɓa yi wa ko kaza allura ba. Maƙwabtan shagonsa suka laƙaba masa sunan, don kwamfutar da kowa ya fid da rai da ita, in ta kwana a teburinsa sai ta farka. Sana'arsa ke nan. Idan kwamfutocin wani kamfani suka tsufa, maimakon a jibge su a sito ko a watsar da su bola, shi yake zuwa ya kwasa. Ya goge duk bayanan da ke ciki, ya canza abin da ya gaji, ya gwada, sannan ya sayar wa ƙananan ofisoshi da makarantu da garanti. Wadda ta mutu murus kuma ya ciccire abin amfani, sauran ya kai wa masu narkarwa.

Kamfanin Abba, mai kwangilar kai kayan ofis, yana cikin masu ba shi tsofaffin nasu, Auta kuma ita ke riƙe da makullin siton. Daga miƙa makulli aka koma miƙa zuciya, sauran kun san shi.

Ta sha wuya kafin Umma ta yarda ya zo ya gaishe su. Yau da ya zo ɗin, sai ya tarar da Ɗan Kwali hakimce a kujerar da ta fi kowacce laushi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ɗan aminin Abba ne, sababbin kwamfutoci yake shigowa da su, kuma ba ya iya rufe baki bai ce "sabuwa fil a kwalinta" ba. Ya daɗe yana bin Auta, ita kuwa ko ƙamshin turarensa ba ta son ji. Ba sai an faɗa ba, Umma ce ta kira shi.

Likita ya durƙusa ya gaisa, ya ajiye kyautar da ya kawo wa Auta a gaban iyayenta. Ɗan Kwali ya miƙa hannu kamar mai shirin yabawa, ya juya laftof ɗin, ya karanta sitikar da ƙarfi yana jan kowace kalma.

"Sabuntacciya. Aji na biyu. An canza batir da faifan ajiya."

Da Likita ya ja bakinsa ya yi shiru a nan, da abin ya zo da sauƙi. Ina! Sai bawan Allahn nan ya gyara zama, fuskarsa fal murna, ya ce, "Ai ta kamfaninku ce, Umma. Da ita Auta ta fara aiki. Ranar da ta mutu har kuka ta yi a sito. Na daɗe ina nema mata kayan da suka dace."

Ni kaina da ina wurin, da na take masa ƙafa.

Ɗan Kwali ya yi dariya har da ƙwalla, ya tafi yana yi. Likita ya fita da sanyin jiki. Tun daga lokacin Umma ba ta zauna ba.

"Aji na biyu," ta sake faɗa tana nuna sitikar da yatsa. "Ni na haife ki, ni na raine ki, ban san 'yar aji na biyu na haifa ba sai yau da aka rubuto mini."

"Umma, kwamfutar ake nufi, ba ni ba."

"Rufe mini baki! Mutumin da zai kawo miki gwanjo tun yana nema, in ya samu me zai kawo? Ko katifa ya saya miki sai na ɗaga na duba ko da sitika a ƙasa. Kuma gobe war haka babu gidan da labarin nan bai shiga ba. Kin san bakin yaron can."

"To wa ya kira shi? Wa ya ce ya zo?"

Umma ta tsaya cak. "Ni kike tuhuma?"

Auta ta sunkuyar da kai, amma ba ta ce a yi haƙuri ba. Zuciyarta tafasa take, kuma ta rasa wanda za ta fi jin haushi, Umma, ko Ɗan Kwali, ko shi uban gayyar da ya kasa gane cewa falon surukai ba teburin gyara ba ne.

Duk wannan hayaniya Abba na zaune a gefe bai ce uffan ba. Can ya miƙe, ya ɗauki laftof ɗin, ya saka a hammata.

"Auta, same ni a ɗakina."

Ta bi shi. Faɗan Umma ta saba da shi, ruwan sama ne, yana zuba yana wucewa. Shirun Abba shi ne abin tsoro.

Ta same shi ya buɗe laftof ɗin a kan teburin karatunsa. Ya kunna, kafin ya gyara tabarau ta riga ta buɗe. Ya danna madannan ɗaya bayan ɗaya, ya kara kunne kusa da fankar, ya shafa murfin da bayan hannu.

"Da gaske wannan ce wadda ta mutu a ofis?"

"Ita ce, Abba."

"Ikon Allah." Ya jinjina kai. "Na kai kayan ofis wurare da yawa a rayuwata. In ba don takardar nan ta baya ba, da na rantse sabuwa ce."

Wani sanyi ya ratsa ƙirjin Auta. Ta matso. "Abba, haka aikinsa yake wallahi. Ba ya..."

"Zauna."

Ta zauna a ƙasa.

"Uwarki na kukan mutunci. Ni ɗan kasuwa ne, abin da na gani daban. Akwai kwangilar da na samu, wata babbar ma'aikata ke son kwamfutoci masu yawa, sababbi suka rubuta. In na saya wurin ɗan abokina, abin da zai rage mini bai taka kara ya karya ba. Amma in yaron nan naki zai haɗa mini irin wannan..." Ya ƙwanƙwasa murfin da farce. "Kwali ba wuya, ana bugawa. Leda ba wuya. Abu ɗaya kawai zai yi, ya daina manna koriyar takardar nan."

Auta ta ɗago da sauri. "Abba, a ce sababbi ne?"

"Wa zai ce? Babu wanda zai ce komai. Za a buɗe kwali a ga kwamfuta tana aiki. Ba abin da suke so ke nan ba?"

"Ba zai yarda ba."

"To ashe ba ya sonki." Ya faɗa a hankali, kamar mai faɗin farashin kujera. "Ki saurare ni da kyau. Ba zan yi miki dole ba, ban taɓa yi wa 'ya'yana ba. Amma ni ma ba za a yi mini dole ba. In ya shigo cikin wannan aiki, ya zama namu, ni zan shawo kan uwarki, in ba shi ke. In ya ƙi, kada ya sake tako ƙofar gidan nan, kuma ko igiyar caji ba zai ƙara ɗauka daga sitona ba. Gara in ƙona su."

"Abba..."

"Je ki gaya masa da bakinki. Ina jiran amsa kafin rana ta faɗi."

Shagon Likita a saman wani bene yake, sai an bi wata matsattsiyar matattakala da mutum biyu ba sa iya wucewa tare. Auta ta hau ta da gudu, takalminta na ƙara. Ta banko ƙofar.

Warin dalma da na ruwan goge gilashi suka tare ta kamar kullum. Kwamfutoci jere a kan kantoci har rufi, waɗanda aka gama a hagu, masu jiran layi a dama, gawarwakin da za a kai wa masu narkarwa a cikin manyan kwanduna. A dogon teburin tsakiya wasu na kunne, ana gwajin batirinsu. Ma'aikatansa na ganin fuskarta suka tuna suna da aiki a ƙasa.

Likita ya ajiye sukudireban da ke hannunsa ya miƙe. "Auta, na san na..."

"Ba ka san komai ba! Da ka san wani abu da ba ka yi mini haka ba." Ta jefar da jakarta kan kujera. "Ka san wahalar da na sha kafin Umma ta yarda ta gan ka? Ka san irin gorin da na haɗiye? Sai da na samu ta sauko, sai ka zo ka kwance mini zani a kasuwa!"

"Na ɗauka za ki yi farin ciki. Kwamfutarki ce."

"Da ka ba ni a nan! A nan, ni da kai! Da na yi tsalle, da na yi kuka, da na yi duk abin da kake so. Amma a gaban Umma? A gaban wancan mai dariyar? Kuma ko sitikar ba ka iya ɓarewa ba?"

"Babu kwamfutar da ke fita ta ƙofar nan babu sitika."

"Ai ba sayarwa ka yi ba, kyauta ce!"

"Ko kyauta ce. Gobe in kika ba wani, ya kamata ya san abin da ke hannunsa."

Auta ta dafe kai da hannu biyu. "Wayyo ni Allah. To na ji. Me ya sa aji na biyu? Ba ka da aji na ɗaya ne? Ni ce ban kai ba?"

"Akwai karce a kusurwar dama."

"Karce?"

"Inda kika taɓa yar da ita a matattakalar ofis, kika ce mini tun daga ranar take miki kama da mai hushirya. Ina da sabon murfi, da na canza. Na bar shi ne don naki ne." Ya sosa ƙeya. "To kuma duk mai karce aji na biyu ce. Ƙa'idar ke nan."

Ta tsaya tana kallonsa, baki buɗe. Wani ɓangare na zuciyarta ya narke, ɗaya ɓangaren kuma yana so ta ɗauki kwandon matattun kwamfutocin nan ta kifa masa a ka. Wannan wane irin mutum ne Allah ya haɗa ta da shi? Ya bar karce don soyayya, sannan ya rage mata aji saboda karcen!

Ta fashe da kuka mai haɗe da takaici. Ya jawo mata kujera, ta ture.

"Ba zama na zo yi ba. Abba ne ya aiko ni."

Ta gaya masa komai, kwangilar, kwalayen, sharaɗin. Tana magana tana kallon fuskarsa na sauyawa. Murmushin ban haƙurin da yake yi ya ɓace. Da ta gama, sai ya koma ya zauna a kan doguwar kujerar aikinsa, ya daɗe yana kallon kantocin hagu.

"A'a," ya ce.

"Ko tunani ba za ka yi ba?"

"Babu abin tunani a ciki."

"Ni ce a ciki! Ni! Ka ce babu abin tunani?"

"Auta, ki fahimce ni. Wanda ya sayi sabuwa yana lissafin za ta kai shi shekaru masu yawa. Tawa ta riga ta ci rabin rayuwarta a wani ofis. Ina gaya wa mai saye haka, ya saya da sauƙi, ya san lokacin da zai dawo mini da ita in sake dubawa ko in kai ta inda za a narkar. In na ce sabuwa ce, ranar da ta gaza masa ba zai dawo da ita ba, don bai san ni ba. Bola za ta tafi, a cinna mata wuta a ciro waya, mutanen unguwa su shaƙi hayaƙin."

"Ni ina maganar aurena, kai kana maganar hayaƙi!"

"Ina maganar abin da zan ciyar da ke da shi." Muryarsa ta fara tashi, abin da ba ta saba ji ba. "Kin san shekarun da na yi ina bin ofisoshi, ana bari na a tsaye a bakin ƙofa kamar mai bara, ina roƙon manajoji su yarda cewa kwamfutar da aka sabunta ba abin kunya ba ce? Yanzu da suka fara yarda, har suna kira na da kansu, sai in ɓare sitikar in ɓoye ta a kwali? Ai na yarda da Umma ke nan, cewa shara nake sayarwa."

"Kada ka sa Ummata a bakinka!"

"Ban zage ta ba. Amma Abbanki..." Ya cije leɓe.

"Faɗa mana! Abbana me?"

"Abin da ya nema sata ce, Auta. Ko an sa mata leda sata ce."

Kalmar ta dake ta kamar mari. Abin haushin, tun a ɗakin Abba zuciyarta ta faɗa mata haka, ta danne. Amma jin ta daga bakin wani daban ne, ko da wanin nan shi ne wanda take so fiye da kowa.

"Ubana kake kira ɓarawo."

"Ban ce..."

"Ka ce! A cikin shagon da rabin kayansa daga sitonsa suka fito!" Ta share hawaye da gefen mayafi, wasu suka biyo. "Sau ɗaya ne fa. Kwangila ɗaya. In an ɗaura aure ka dawo ka manna sitikarka har a goshina in kana so. Ni zan taya ka mannawa. Don Allah, don son da kake mini."

"Wanda ya yi sau ɗaya, Abba ya riƙe shi ke nan har abada. Duk kwangilar da ta zo zai ce, ai ka taɓa yi. Kuma ke kanki, wata rana za ki dube ni ki ce, mutumin da ya iya sa tsohuwa a kwalin sabuwa, me kuma yake ɓoye mini?"

"Ba zan ce ba."

"Za ki ce. Na san ki."

"To ka zaɓa." Ta ɗauki jakarta. "Ni ko takardar nan."

Ya miƙe, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. "Kada ki yi mini haka. Ki ba ni lokaci, zan je in same shi da kaina. Zan nuna masa yadda zai rubuta wa ma'aikatar cewa sabuntattu ne, da garanti, da rangwame. Wasu suna karɓa."

"Ba ka san Abba ba. Kafin rana ta faɗi ya ce."

"To ki gaya masa ina girmama shi, ina son 'yarsa kamar raina, amma ba zan iya ba."

"Kamar ranka," ta maimaita tana dariyar da ta fi kuka ciwo. "Ashe ranka ma aji na biyu ne."

Ta fice. Ya kira ta har bakin matattakala, ba ta waiwaya ba.

A mota ta yi ta zaginsa a zuci. Mai taurin kai. Mai kan ƙarfe. Mutumin da zai iya tayar da matacciyar kwamfuta amma ya kasa ceto aurensa. Can kuma sai ta tuna yadda ya sosa ƙeya yana maganar karcen, sai kukan ya dawo sabo. Direban ya dube ta ta madubi, ya ƙara sautin rediyo.

Tana shiga gida ta ga motar Ɗan Kwali a harabar. Ya dawo ke nan. Ta jiyo muryarsa a falo yana ba Umma labarin wata sabuwa fil da zai kawo wa Auta gobe, Umma na ta sa masa albarka. Auta ta wuce su ko kallo, ta nufi ɗakin Abba.

Yana nan inda ta bar shi, laftof ɗin a gabansa. Hasken yamma ya shigo ta taga ya kwanta a kan teburin.

"Kin same shi?"

"Na same shi."

"Me ya ce?"

Ta buɗe baki. Amsar na kan harshenta, gajeriya ce, ba ta da wuyar faɗa. Sai dariyar Ɗan Kwali ta sake tashi daga falo. Ta hango gobe, ta hango jibi, ta hango ranar da za ta miƙa wa wani makullin sito, ta hango matattakalar nan da ba za ta ƙara hawa ba. Ta ce a ranta, in na samu kwana biyu zan shawo kansa, ko in shawo kan Abba, wani abu dai zai faru.

"Ya yarda," ta ce.

Abba ya cire tabarau. A karon farko yau ya yi murmushi.

"Madalla. Na san yaron yana da hankali." Ya jawo wayarsa. "Bari in ji daga bakinsa, mu tsayar da magana irin ta maza."

Auta ta yi saurin tare shi. "Abba, ba yanzu ba, yana cikin aiki, ka bari sai..."

"Aikin me ya fi wannan?"

Ya danna lambar, ya buɗe sautin yadda kowa zai ji, ya ajiye wayar a kan teburi. Ƙarar ta cika ɗakin. Umma, da ta ga wucewar Auta, ta biyo ta tsaya a bakin ƙofa. Ɗan Kwali na leƙe ta bayanta.

Auta ta runtse ido tana roƙon Allah kada ya ɗauka.

Ya ɗauka.

"Salamu alaikum, Abba. Barka da yamma."

"Yauwa, ɗana." Abba ya jingina da kujera. "Ga Auta ta dawo, ta ce mini ka amince da maganar da na aiko ta. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce bari in kira in ji da kunnena."

Shiru.

Shirun ya yi tsawo har Abba ya duba fuskar wayar ko ta katse. Auta ta san abin da ke tafe. Mutumin da ya ƙi ɓoye karce a kusurwar murfi ba zai ɓoye wannan ba. Yanzu zai ce bai faɗa ba, kuma a gaban Umma, a gaban Ɗan Kwali, Abba zai san 'yar da ya fi yarda da ita, wadda ya damƙa wa makullin dukiyarsa, ta dubi tsabar idonsa ta shirga masa ƙarya.

"Kana ji na?" in ji Abba.

"Ina ji, Abba." Likita ya yi gyaran murya. "Gaskiya ta faɗa maka. Na ce mata na yarda."

Auta ta buɗe ido.

"Amma bayan ta tafi na sake tunani. Ba zan iya ba. Laifin nawa ne ni kaɗai, ni na yi magana biyu. Kada a ga laifinta."

Fuskar Abba ta murtuke a hankali. "Ka san abin da wannan ke nufi?"

"Na sani."

"Ka yi wa 'yata alkawari ka karya tun ba a je ko'ina ba. Ashe bayan tsince-tsince har da rashin magana ɗaya."

"Haka ne, Abba. Ka yi haƙuri."

"Kun ji ko?" Umma ta tafa hannu daga bakin ƙofa. "Maƙaryaci! Na faɗa muku!"

Auta ta zabura ta rarumi wayar da hannu biyu. "Ƙarya yake! Abba, wallahi ƙarya yake, bai taɓa cewa ya yarda ba, ni ce na..."

"Auta." Ya kira sunanta a hankali, yadda yake kira in su biyu ne a sito. "Ya isa. Ki daina kare ni. Ki bi maganar iyayenki."

"Kada ka kashe! Ka ji ni, kada ka kuskura ka..."

Ƙit, wayar ta katse.

Abba ya miƙa hannu ya zare ta daga yatsunta, ya goge lambar a gabanta. Sannan ya buɗe tafin hannunsa.

"Kawo makullin sito."